Wasan birij: Yadda za ka auna hannunka idan an sha gabanka da babban tayi

Idan ka taɓa shiga kara ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, ka san irin mutumin nan da ba ya barin ciniki ya bi matakinsa. Ana cikin lallaɓa dillali, wannan ya taya kaɗan, wancan ya ɗan ƙara, sai kawai ya faɗo da wani dogon tayi da zai sa kowa ya yi tsit yana lissafi a zuci. Wataƙila ma bai kai ka kuɗi ba. Amma ya ƙwace maka lokacin tunani, ya kuma hana ka tuntuɓar abokin tafiyarka. Yanzu zaɓi biyu ya rage maka: ka bi shi ka sayi sa da tsada, ko ka janye ka bar abin da mai yiwuwa rabonka ne.

To, akwai wani wasan karta da ya mayar da wannan hali ya zama darasi guda da ake shekaru ana koyo. Sunansa birij. A majalisun Ƙaura Namoda da Zurmi an fi sabawa da wot da ludo da dara, don haka da wuya ka ga ana buga shi a gindin bishiya. Amma duk matashin da ya iya riƙe kati mai lamba 20 a wot har sai lokacin da ya dace, ko ya iya toshe wa abokinsa gida tun ana dasa 'ya'yan dara, yana da ƙwaƙwalwar da birij ke nema.

Kafin mu yi nisa: maganar caca

Na san abin da zai fara zo maka a rai da jin kalmar karta. A Zamfara muke, jihar da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, kuma caca haramun ce a addini da dokar jiha. Duk wasan da aka ɗora wa kuɗi, ko naira hamsin ce, caca ne, kuma wannan fili ba ya kiran kowa zuwa gare shi. Malamai ma suna da maganganu a kan wasan karta ko da babu kuɗi, musamman idan yana cinye lokacin salla ko na aiki. Wannan ka tambayi malaminka, ka kuma bi abin da ya faɗa maka.

Abin da ya kamata ka sani shi ne yadda ake gasar birij a duniya. Katunan da aka raba a teburinku, su ɗin dai ake kai wa sauran tebura su buga. Ana gwada makinka ne da na waɗanda suka riƙe hannu irin naka sak. Don haka babu wanda zai ce ai sa'ar rabo ce ta kai shi. Shi ya sa kwamitin Olamfik na duniya ya amince da hukumar birij ta duniya a 1999, hukumar da aka kafa tun 1958. A gasar wasannin Asiya ta 2018 a Jakarta an buga birij kamar yadda aka yi gudu da iyo, har attajirin nan na Indonesiya, Michael Bambang Hartono, ya ci lambar tagulla yana da shekara 78. A 2023 nan Afirka aka yi gasar duniya ta ƙungiyoyi, a birnin Marrakesh na Maroko, inda Suwizalan ta ɗauki babban kofin da ake kira Bermuda Bowl. Mata ma suna da nasu kofin, Venice Cup, don haka 'yar'uwa da ke karanta wannan, har da ke ake magana. Wannan duniya daban take da ta manhajojin caca da ke cinye kuɗin matasa a waya.

Yadda wasan yake a taƙaice

Tsarin da ake bugawa yau Ba'amurke Harold Vanderbilt ne ya daidaita lissafinsa a cikin jirgin ruwa a 1925. Mutum 4 ne, biyu-biyu, kowa yana fuskantar abokin wasansa. Katunan su ne 52 ɗin nan da ka sani, ba na wot masu 54 ba, kowa ya samu 13. Gidaje 4 ne. Don mu fahimci juna, bari mu kira su ganye ♣, daimon ♦, zuciya ♥ da mashi ♠. Haka darajarsu take a tayi, daga ƙasa zuwa sama, sannan a samansu akwai ba-yanka, wato wasan da babu gidan da ke yanka wani.

Kowane zagaye kowa ya jefa kati ɗaya, dole daga gidan da aka fara idan yana da shi, mafi girma ya ɗauka. Wannan shi ne ci ɗaya, kuma ci 13 ne a kowane rabo. Wanda ba shi da gidan da aka fara yana iya sa kati daga gidan yanka ya ɗauke.

Kafin a fara jefa kati sai an yi gwanjo. Kowane tayi alkawari ne: lambar da ka faɗa sai a ƙara mata 6. Idan ka ce 1♥, ka yi alkawarin kai da abokinka za ku yi ci 7, zuciya ce ke yanka. Idan ka ce 3♥, ci 9 ke nan. Tayi na gaba dole ya fi na baya. Ɓangaren da ya yi na ƙarshe ya ci kwangila, wanda ya fara ambaton gidan a cikinsu shi zai buga hannu biyun, abokinsa ya shimfiɗa katunansa a fili. Idan kana ganin abokin karawa ba zai cika alkawari ba, sai ka ninka, tararsa ta ƙaru.

Babbar riba tana wurin kwangilar gem: 3 ba-yanka, ko 4♥, ko 4♠, ko 5 a ganye da daimon. A gasa, kowane rabo an riga an rubuta wane ɓangare ne ja, wane ne fari. Ja ya fi samun lada idan ya cika, ya kuma fi shan tara idan ya faɗi. Cin 4♠ maki 420 ne ga fari, 620 ga ja.

Auna hannu kuwa, hanyar da kowa ke farawa da ita ita ce wadda Milton Work ya yaɗa, Charles Goren ya kai ta ko'ina: A nauyinsa 4, sarki K 3, sarauniya Q 2, J kuma 1. Jimilla 40 a duk katunan. Mai 12 ko 13 yana buɗe tayi. Ku biyu idan kun haɗa 25 zuwa 26, galibi kuna da gem.

Mene ne tayin shan-gaba?

Daga 1♣ zuwa 7 ba-yanka, tayi 35 ne kacal a wasan. Su ne kaɗai harshen da ku biyu za ku yi magana da shi, domin ƙifta ido ko tari ko buga tebur duk maguɗi ne. Kowane mataki da kuka hau, kuna faɗa wa juna wani abu: ina da mashi 5, ba ni da daimon, ƙarfina kaza.

Yanzu ka ɗauka mutumin da ke damanka ya duba hannunsa ya ga wannan:

♠ 6
♥ K Q J 10 8 7 3
♦ 9 4 2
♣ 7 6

Nauyinsa 6 ne kawai, rabin abin da ake buɗe tayi da shi. Idan ku kuka ci kwangila, da ƙyar hannun nan ya yi ci ɗaya. Amma idan zuciya ce ke yanka, ci 6 ne a aljihunsa. Sai ya buɗe baki ya ce 3♥. Da kalma ɗaya ya share matakai 13 daga cikin 35, kai ko gaisawa ba ka yi da abokinka ba. Wannan shi ne tayin shan-gaba. Mai kati 6 masu kyau a gida ɗaya yakan buɗe a mataki na 2, mai 7 a na 3, mai 8 a na 4.

Ka lura da bambancinsa da abin da malaman fiƙihu ke kira najash a kasuwa, wato mutum ya yi tayi don ya tsadar da kaya alhali ba saye zai yi ba, wanda aka hana. A birij idan kowa ya yi shiru, kayan sun zama naka, dole ka buga, kuma kai za ka biya tara.

Ga lissafin da yake yi. Idan fari ne aka ninka shi, faɗuwa da ci 1 maki 100 ne, da 2 kuwa 300, da 3 kuma 500. Idan ja ne, 200 ne, sai 500, sai 800. Tsohuwar ƙa'ida ta ce fari yana iya wuce ƙarfinsa da ci 3, ja kuma da ci 2, ka ga duka biyun a 500 suke tsayawa. Ya biya 500 ya hana ku 620, ai ya ci riba. Idan ma abokinsa ba shi da komai sam, to ku kuna da silam, wato ci 12, kuma 6♠ maki 980 ne ga fari, 1430 ga ja. Babbar ribarsa dai ita ce ya sa ku yin canki-canka a mataki mai tsawo.

Hannu biyu, nauyi ɗaya

Ga inda lissafin 4-3-2-1 ke fara yaudarar mutum. An ce 3♥ a damanka, kai ne na gaba. Duba hannu na farko:

♠ K Q 8 4
♥ 6
♦ A J 7 3
♣ K J 9 5

Ga kuma na biyu, a wani rabon:

♠ A 8 4
♥ Q 7 5
♦ K J 7 3
♣ K J 9

Ƙirga su. Kowanne 14 ne. Amma da na farko za ka shiga, da na biyu ka yi shiru.

Da na farko za ka ninka. A wannan wuri ninki ba ya nufin ka kama ɓarawo. 'Yan wasa sun yi ittifaƙi cewa ma'anarsa ita ce: abokina, ina da ƙarfi, ba ni da zuciya sosai, zaɓi gida daga sauran ukun. Duk gidan da ya zaɓa kana da kati 4 da za ka tara masa. Zuciyarka guda ɗaya ce, don haka sau ɗaya za su ci a can, na biyu ka yanka. Dukkan 14 ɗinka suna wurin da za su yi aiki.

Na biyun fa? Sarauniyar zuciyar nan, idan ku kuka ci kwangila a mashi, kusan ado ce kawai: za su ɗauki A da sarki, na uku abokinsa ya yanka. Saura 12 ke nan, a hannun da babu gidan da ya yi tsawo, babu kuma wanda za ka yi saurin yankawa. Idan ka ninka abokinka ya ce 3♠ da kati 4, kuna da 7 kacal a mashi, kuma sauran ba za su rabu daidai ba. Nan ne ake cewa dara ta ci gida: kai ka je kama wani, a ƙarshe kai aka ninka.

Daga nan ka riƙe wannan: bayan tayin shan-gaba, wanda ke da ƙarancin kati a gidan abokin karawa, shi ne nauyin shiga ke kansa. Idan kana da 3 ko 4 a gidansu, to mai yiwuwa abokinka ne ke da ƙaranci, kuma yana da damar magana idan zagaye ya zo kansa.

Abin da shiru ke jawowa

Wani zai ce, to ba gara in yi haƙuri ba? Mu buɗe sauran katunan rabon farko mu gani. Abokinka yana riƙe da:

♠ A 9 7 5 3
♥ 9 4 2
♦ K 8
♣ Q 10 4

Nauyinsa 9. Ku biyu 23 ke nan, ƙasa da 25 ɗin da aka koya maka. Amma buga 4♠ ka gani: A na zuciya da A na ganye kaɗai za ku rasa. Mashi 5, ganye 3, daimon 2, ka yanka zuciya ɗaya, ci 11. Maki 450 idan ku fari ne, 650 idan ja. Dalili kuwa, ƙananan zuciyoyinsa 3 sun haɗu da guda ɗaya taka, babu ko maki ɗaya da ya tafi a banza.

Da ka yi shiru fa? Shi da 9 da zuciya 3 a hannu, da wuya ya yi magana. Za su buga 3♥. Idan kun gano ku fara da daimon har abokinka ya yanka na uku, ku samu 50 daga fari. Idan ba ku gano ba, su cika alkawarinsu su tafi da 140. Ka ga shirun ma tayi ne, kuma yana da farashinsa.

Ka ƙaddara abokinka yana da 7

Tunda an cinye muku filin tambaya, dole ka yi zato mai tushe. Daga 40 ɗin, mai shan-gaba yana da wajen 6 zuwa 9. Kai kana da 14. Abin da ya rage ya kusa 20, a raba tsakanin mutum biyu. Shi ya sa gogaggun 'yan wasa ke cewa ka yi tayinka kamar ka riga ka ga 7 a hannun abokinka.

Wannan yana da ɗaya gefen, kuma nan ne sababbin shiga ke faɗawa rami. Idan kai ne abokin wanda ya ninka, ka tuna ya riga ya ci bashin 7 ɗinka. Kana da 6 ko 7 da mashi 4? Ka ce 3♠ ka tsaya. Kada ka ji daɗin sarkinka da sarauniyarka ka yi tsalle, an riga an ƙirga su. Sai abin da ya haura 7, ko dogon gida, ko hannu irin na sama, shi ne zai kai ka 4♠.

Ba a shan gaban mai shan-gaba

Ga wasu hannaye biyu, duk bayan 3♥:

♠ A Q J 9 6 3
♥ 8 2
♦ A Q 5
♣ 7 4

Wannan 13 ne da mashi 6 masu kyau. Ka ce 3♠ ba tare da jinkiri ba. Ga ɗayan:

♠ K Q J 9 7 5 2
♥ 4
♦ 8 6 3
♣ 9 2

Da kai ne ka fara magana, da ka buɗe da 3♠. Amma yanzu an riga ka, kuma hannun nan ka yi shiru da shi, ko da zuciyarka na tsalle. Dalili: wanda za ka rikita ya riga ya faɗi duk abin da ke hannunsa, wanda ya rage ka rikita abokinka ne. Zai ɗauka kana da hannun mai buɗe tayi, ya kai ka silam, ko ya ninka su yana dogaro da A ɗin da ba ka da shi. Idan abokinka yana da ƙarfi zai yi magana, a lokacin sai ka fito da mashinka.

Kada ka manta da 3 ba-yanka

♠ K 5
♥ A 9 4
♦ A K Q 8 6 2
♣ J 7

Ido zai ja ka zuwa daimon. Amma da zarar ka ce 4♦ ka wuce 3 ba-yanka, kuma babu komawa baya. Gem a daimon ci 11 yake so, a ba-yanka ci 9. Kana da daimon 6 da A na zuciya, 7 ke nan idan daimon ta rabu yadda aka saba, kana neman 2 daga abokinka. Akwai kuma dabara: idan aka fara da zuciya, ka ƙi sa A a zagayen farko, wani lokaci har na biyu. Mai shan-gaba yana da 7, kai 3, don haka abokinsa ba zai wuce 3 ba, galibi 1 ko 2. Da zarar nasa sun ƙare, an yanke hanyar zuwa dogon gidan, domin mai shi ba ya da manyan katuna a waje da zai karɓi wasa da su. Shahararren ɗan wasan Amurka Bob Hamman an san shi da shawarar cewa idan 3 ba-yanka na cikin zaɓin da ke gabanka, ka ɗauke shi. Bayan tayin shan-gaba ne shawarar ta fi amfani.

Wurin zama ma yana canza darajar kati. Sarkin zuciya da ƙaramin kati ɗaya, idan mai shan-gaba yana damanka, wato kana jefawa bayansa, kusan ci ne tabbatacce, tunda A ɗin galibi yana hannunsa. Sarkin nan dai, idan mutumin yana hagunka, yana iya tafiya a banza.

Idan kai ne na ƙarshe, an ce 3♥, abokinka da na biyunsu duk sun wuce, to shirunka zai rufe gwanjon. A nan ana yarda ka shiga da ƙasa da yadda aka saba, kamar ka ari sarki ɗaya daga abokinka. Wani lokaci shi ɗin yana zaune ne da zuciyoyi masu kyau yana jira ka ninka, sai ya bar ninkin a haka a ci tararsu.

Ya faɗa maka inda kaya suke

Tayin shan-gaba yana da illa ga mai yin sa: ya tona asirin hannunsa. Mai zuciya 7, kati 6 ne suka rage masa a sauran gidaje. Idan abokinsa yana da zuciya 2, shi kuma yana da gurbi 11. Don haka duk sarauniyar da kake nema a wani gida, damar tana wurin abokin 11 ce, a kan 6. Koma ka duba rabon da muka buɗe ɗazu: sarauniyar daimon da A na ganye da mashi 3 daga cikin 4 da kuka rasa, duk a hannun abokin mai shan-gaba suke. Wannan kuma gargaɗi ne: ka sa ran gidan yankanku zai rabu a karkace, saboda haka kada ka matsa zuwa silam da kati 8 kacal marasa ƙwari.

Idan abokinka ne ya sha gaba

Yanzu juya teburin. Abokinka ya ce 3♥, kai kana da 14 da galibinsu suka taru daga sarauniyoyi da J, zuciyarka guda. Kada ka motsa. A nan ana ƙirga ci ne, a ajiye nauyi gefe. Ya yi maka alkawarin wajen ci 6 idan fari ne, kana buƙatar 4 daga A da sarakuna kafin ka ce 4♥ da niyyar cikawa.

Amma idan hannunka ba komai, kana da zuciya 3, to ka ƙara masa zuwa 4♥ nan take, don ka ƙara matse su. Tushen wannan wani bincike ne da Bafaranshe Jean-René Vernes ya wallafa a mujallar The Bridge World a 1969, wanda Larry Cohen ya yaɗa da littafinsa na 1992. Abin da 'yan wasa suka ɗauka daga ciki shi ne: idan ana jayayya a gwanjo, yawan katunan yankanku shi ne yawan cin da za ku iya yin alkawari ba tare da babbar asara ba. Nasa 7 da naka 3 sun zama 10, ci 10 kuwa shi ne mataki na 4. Ka kai can sau ɗaya, ka yi shiru. Idan kun tura su mataki na 5, galibi ku bar musu, kun gama aikinku.

Shi kuma wanda ya sha gaba, ya gama magana. Ya faɗi hannunsa duka a kalma ɗaya, hukunci ya koma wurin abokinsa. Haka nan ba kowane kati 7 ake shan gaba da su ba. Idan kana da A biyu a waje, ko mashi 4 a gefe, kana iya toshe wa naku gem. Wurin da ya fi daɗi shi ne na uku, bayan abokinka ya riga ya wuce, domin ka san ba shi kake takurawa ba. Mafi haɗari shi ne na biyu: ɗaya daga abokan karawa ya riga ya nuna ba shi da ƙarfi, don haka mai ƙarfin ko abokinka ne ko ɗayansu, rabi da rabi.

Me wannan zai ƙara maka?

Matashin Zurmi ko Shinkafi ba ya buƙatar a koya masa abin da ake nufi da a yanke wa mutum hanyar magana. A watan Satumba na 2021, lokacin Gwamna Bello Matawalle, an rufe layukan waya a Zamfara an kuma dakatar da kasuwannin mako saboda matsalar tsaro. Mutane sun yi ta yanke shawarar tafiya da ciniki ba tare da jin ta bakin wanda suka saba tuntuɓa ba. Karta ba za ta magance wannan ba, kuma babu mai cewa za ta yi. Abin da birij ke horar da kai a kai shi ne ɗabi'ar lissafi cikin matsi: ka ƙirga abin da ka sani, ka yi zato mai dalili a kan abin da aka ɓoye, ka auna asarar shiga da asarar shiru, ka zaɓa, kada kuma ka ƙirga abu ɗaya sau biyu. Wani lokaci za ka yi daidai sakamako ya zo maka a karkace. Gogaggu sun yarda da haka, suna neman kwangila mai kyau ne ko da ba ita ce mafi kyau ba, domin wadda ta fi ɗin tana can cikin matakan da aka share.

Farawa ba ya buƙatar kuɗi. Katuna 52, mutum 4, takarda da biro. Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura Namoda, ku da ke kwana ɗaki ɗaya, kun ma fi kowa dama. Idan akwai data, shafin Bridge Base Online yana barin mutum ya buga ya kuma kalli manyan gasa kyauta. Ku raba katunan rabon da muka buɗe a sama kamar yadda yake, wanda ya rage ya ɗauki sauran 13, ku buga shi sau biyu: sau ɗaya a 4♠, sau ɗaya a 3♥. Ku rubuta makin. Sannan ku musanya kujeru, wanda ya sha gaba ɗazu ya zauna a inda ake shan gabansa.